Kwanon Nnako da Jar Waya

Ummi,

Wa ya gaya miki kan gidanmu ba ya ɗaukar kimiyya? Faɗa min sunansa. A'a, bar shi, na san shi, tare muka ci tuwo ranar Lahadi. Abin da ban gane ba shi ne yadda aka yi ke, ke da kanki, kika yarda.

Kin gani ko? Na fara da faɗa ko sallama ban yi ba. Halin nan dai. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin sauka lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba, an ba ki ɗaki mai iska da abokan zama masu mutunci. Allah Ya tsare min ke a inda idona ba ya kaiwa, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutum. Na cusa takardar nan tsakanin ledar ƙuli-ƙuli da garin kunu don na san nan hannunki zai fara zuwa. Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya kika bar shi.

A cikin jakar nan taki akwai fom ɗin da kawunki Ndagi ya ba ki, na sauya fanni a jami'a daga kimistiri zuwa harkar mulki. An ce ranar Litinin ake mayarwa. Kada ki ɗora biro a kansa sai kin kai ƙarshen wasiƙar nan. Iyakar abin da na roƙa ke nan.

Kina wurin, amma bari in maimaita, ki ji yadda abin ya shiga kunnena. Muna zaune a tsakar gidan kakarki Nnako a Limawa, dangin mahaifiyarki sun taru yi miki sallama. Sai kawunki ya gyara zaman hula, ya zaro takarda daga aljihun gaba kamar mai raba kwangila.

"Ummi, kimistiri fa ba cajin batir ba ne," in ji shi. "Na yi magana da mutumina a can. Cike wannan a mai da ke sashen mulki, ki gama lafiya in sama miki kujera."

Kika ce, "Kawu, ai ina son sa."

"So? Babanki ma ai yana son sa. Tambaye shi abin da son ya yi wa kwanon Nna."

Aka kwashe da dariya, har da waɗanda ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. Na haɗiye abin da ya taso min don ba a ɗaga murya a gaban suruka, na sa takalmina na fita. Dariyar ba ta dame ni ba, na saba. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne maganar da mahaifiyarki ta kawo min washegari, wai kin ninke fom ɗin kin sa a jaka, kin ce mata, "Mama, wataƙila Kawu ya yi gaskiya, kan gidanmu ba na kimiyya ba ne."

To, tunda da kwano aka tsorata ki, bari ki ji labarin kwanon daga bakin wanda ya ɓata shi. Shekara goma sha bakwai kina jin sa daga bakin 'yan kallo.

Ina da shekara ashirin aka haife ki. Lokacin ina wayarin ɗin mota da cajin batir a wata 'yar rumfa a Tunga, kaina na hayaƙi, ina ganin babu abin da zai gagari hannuna. Wata biyu kafin haihuwarki na je Kaduna sayen kaya, na ga wani mutum yana tsoma cokula cikin koren ruwa da wayoyi biyu, yana ciro su fari tas kamar azurfa. Na tsaya a kansa na ɗan lokaci. Har ya ɗago ya ce, "Samari, da tambaya?" Na ce babu. Ni da nake kwance wayarin ɗin tirela in mayar, zan tambayi mai wankin cokali? Na karanci sunan gishirin a jikin buhunsa, gishirin nikel, na juya abina.

Ana saura kwana uku sunanki, Nnako ta fito da kwanon goronta na tagulla mai murfi, wanda marigayi kakanki ya ƙera mata da hannunsa a Bida kafin su taso Minna. Zanen ganye ne a murfin, an buga shi siriri har kina jin tudun zanen ta ciki. Ta ce a goge mata shi da toka da lemun tsami, a ciki za a raba goron suna. Sai ga ni da bakina: "Nna, bar tokar nan. Kawo in mai da miki shi azurfa." Ba wanda ya roƙe ni.

Ga inda sana'ata ta kayar da ni. A mota, jar waya ce mai daraja. Duk abin da kake so ya yi aiki, fitila ce, ham ne, sitata ce, jar waya kake kai masa. Baƙar kuwa sai ka kankare kowane ƙarfe a jikin mota, ko mai tsatsa ne, ka ɗaure. Haka aka koya min, haka hannuna ya saba, ba sai na yi tunani ba. Na narka gishirin a bokitin roba, na ɗaure jar waya a kwanon tunda shi ne mai aikin, na ɗaure baƙar a guntun nikel ɗin da na samo, na tsoma su, na haɗa batir.

Hantsi ya yi, kwano bai yi fari ba. Na ce wuta ce ta yi kaɗan, na ƙara batir na biyu. Azahar ta yi, sai ma duhu da ya ƙara. Na ce lokaci yake so. Na je na yi salla, na gyara wa wani fitila, na ci abinci hankali kwance. Bayan La'asar na ciro shi. Ummi, na ɗaga murfin sama, na hango rana ta cikinsa. Duk inda zanen ya fi siriri ya huje kamar rariya. Guntun ƙarfen da na ɗaure wa baƙar waya kuwa ya fito ya yi ƙiba, ya yi ja, ya sanye da tagullar kakanki.

A farantin roba aka raba goron sunanki.

Kin ga kan nawa ba shi ne ya gaza ba. Tambaya ɗaya ce ta tsaya min a maƙogwaro a Kaduna, kalma huɗu: wace waya ke ina? Girman kai ya hana ta fitowa. Saboda haka ga darasi na farko. In malami ya gama bayani ya ce da tambaya, kuma kina da ita, ki ɗaga hannu ko da ajin mutum ɗari uku ne, ko da za su yi ihu. Ihunsu ba ya huda ƙarfe. Kuma ki ji tsoron abin da hannunki ya saba, musamman in kin shiga sabon aiki. Wanda bai iya komai ba yakan tsaya ya duba. Wanda ya iya wani abu makamancinsa shi ke afkawa.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Da na kai wa Nnako kwanon, ban ce na yi kuskure ba, ai ban ma san inda kuskuren yake ba. Na ce jabun gishiri aka sayar min. Ban tsaya nan ba, na hau babur na je kasuwa wurin wani Ibo mai shagon sinadarai inda na sayo shi, na tsaya a ƙofar shagonsa na zage shi tas, na kira shi ɓarawo a gaban maƙwabtansa. Mutumin yana cewa, "Malam, zo ka nuna min yaya ka haɗa," ina cewa ni zai koya wa wuta? A raina na san ban tabbata ba. Ihun nake yi don kada in ji wannan muryar.

Abin ya ƙi barina. Kin san ban wuce aji biyu na ƙaramar sakandare ba, Turancina na jikin kwalin batir ne. Wata rana wajen tashar jirgin ƙasa, inda kakana ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, na ga mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Na ɗauki wani na kimistiri wanda ba bango, shafukan farko sun zube, na haɗa da ƙaramin ƙamus. Tsakanin mota da mota nake karantawa, hannu duk baƙin mai. Wani layin sai in kwana uku a kansa. Shekara uku na yi kafin in iso shafin da ya gaya min abin da na yi wa kwanon. Kin san abin da ke shafin fiye da ni, amma ki bar ni in faɗa da Hausata, don da gumina na saye shi.

Kowace ƙwayar zarra tana ɗauke da ƙananan abubuwa iri biyu masu caji. A cibiyarta akwai furoton, cajinsu na alamar tarawa ne. A kewayenta akwai ilektiron, cajinsu na alamar ɗebewa ne. In adadinsu ya zo daidai, ƙwayar ba ta da caji, tana zaune lafiya. Furoton ba ya fita, ɗan zaman gida ne. Ilektiron ne ɗan yawo. In ƙwaya ta saki ilektiron ɗaya ko biyu, furoton sun rinjaya ke nan, sai ta zama mai cajin tarawa, ita ake kira katayon. In kuwa karɓa ta yi, ilektiron sun rinjaya, sai ta zama mai cajin ɗebewa, anayon ke nan. Ƙarafa, irin su nikel da jan ƙarfe da sodiyam, halinsu saki. Irin su kulorin da iskar oksijin, halinsu karɓa. Wadda ta saki takan tsuke ta fi yadda take da ƙanƙanta, wadda ta karɓa takan kumbura. Kuma iri ɗaya ba sa shiri, kowa kishiyarsa yake bi.

To ga bokitina. Baƙar waya ita ce inda batir ke tara ilektiron. Katayon ɗin ƙarfe da ke yawo a ruwa can suke nufa, su karɓi abin da suka rasa, su koma ƙarfe, su kwanta a jikin duk abin da ka ɗaure a wurin. Jar waya kuwa zuƙe ilektiron take yi. Anayon can suke nufa, kuma in ka ɗaure mata ƙarfe, sai ta ƙwace ilektiron ɗinsa, ƙwayoyinsa su zama katayon su zube cikin ruwa. Wato ni da hannuna na ɗaure kwanon a inda ake ci, na ɗaure guntun ƙarfe a inda ake ciyarwa, sannan na ƙara batir don a yi sauri.

Ranar da na gane, na rufe littafin na yi dariya ni kaɗai a rumfa kamar taɓaɓɓe, sannan hawaye suka zo. Ba na baƙin ciki ba ne duka. Ni, Sani mai batir, ba malami ba allo, na kamo abin da ido ba ya gani, na san hanyar da yake bi. Har gobe in na tuna ƙirjina yana buɗewa.

Kuma don Allah, in kin ji masu wa'azi da wannan abu, wai ka zama mai tarawa kada ka zama mai ɗebewa, ki wuce su. Ƙwayar zarra ba ta da halin kirki ko na tsiya. Gishirin miyarki rabi katayon ne rabi anayon, cire ɗaya ki ga ko za ki sha miyar. Ganin cewa ɗaya ya fi ɗaya daraja shi ne ainihin abin da ya ci kwanon.

Washegari na koma kasuwa wurin Ibon nan. Na shiga ciki na rage murya na ce na zo ba da haƙuri. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, wancan rana a waje ka tsaya. Koma waje." Na koma waje, na faɗa da ƙarfi cewa gishirinsa mai kyau ne, ni ne jahilin. Wata mai sayar da kifi ta ce, "Yau kuma wane aljani ne ya hau shi?" Daga nan na wuce Limawa, na durƙusa gaban Nnako na gaya mata. Ta ce da Hausarta ta mutanen Bida, "Yaro na, na sani tun wancan rana. Wanda an cuce shi, idonsa ba ya gudu. Naka ya gudu." Kwanon da kike gani tana zuba garwashi da turare a ciki, hayaƙi na fita ta hujojin murfi, shi ne. Ita ta gama da maganar tuntuni. Ɗanta Ndagi ne bai gama ba.

Ga na biyu ke nan. A ɗakin gwaji za ki haɗa abu ya ƙi fitowa yadda littafi ya ce. Za ki ga 'yan ajinku suna kwafar lambar da ta dace suna miƙawa. Kada ki yi. Rubuta abin da idonki ya gani, ki nemi inda kika kauce. Kada ki ɗora wa sinadari, kada ki ɗora wa na'ura, kada ki ɗora wa abokiyar aikinki sai kin fara bincikar hannunki. Ƙaryar da na yi ta yini ɗaya ce, shekara uku na yi ina ɗauke da ita.

Na uku kina wurin, kina da shekara goma, kin zo rumfa bayan Islamiyya. Na riga na ga tafiyar katayon da idona, ina sana'a da ita ma, don tun lokacin ba cokali ko sarƙa ko hannun birkin babur da ya sake lalacewa a bokitina. Sai na ce bari in ga tafiyar anayon. Na narka gishirin miya a kwalba, na zaro baƙin sandan da ke cikin tsohon batirin tocila guda biyu, na ɗaure musu wayoyi. Kumfa ta fara tashi. Littafi ya ce a wajen jar waya anayon ɗin kulorin zai bar ilektiron ɗinsa ya fita a iska. Littafin ya kuma ce iskar guba ce. Na karanta wannan layin, wallahi na karanta. Amma murna ta ɗebe ni, na kifa hancina a bakin kwalbar na ja. Kin tuna yadda na faɗi ina tari, idona kamar an zuba barkono, ke kina kuka kina kiran maƙwabta? Kwana huɗu ƙirjina na zafi. Mako guda mahaifiyarki ba ta yi min magana ba sai ta bakinki, kuma ta yi daidai, don da kanki ne ya fi kusa da kwalbar, da yanzu wani zancen ake yi.

Layin gargaɗi ba ado ba ne. In an ce sa tabarau, sa. In an ce sa safar hannu, sa, ko zafi zai kashe ki. Ki ɗaure bakin hijabinki ciki kafin ki matsa kusa da wuta. Kada ki shinshina, kada ki ɗanɗana, kada ki yi gwaji ke kaɗai don ki burge kowa. 'Ya ɗaya na aika, da ido biyu da yatsu goma, haka nake so a dawo min da ita.

Na huɗu kunyarsa ta fi kama ni, don a cikinsa ina da gaskiya. Shekararki ta farko a babbar sakandare na buɗe littafin rubutunki na ga malaminku ya juya abin, ya ba ku cewa anayon ke zuwa wajen waya mai alamar ɗebewa. Ban jira gari ya waye sau biyu ba. Na shiga ajinku ba sallama, da kayan aiki a jikina, na karɓi alli daga hannunsa na gyara a allo, na ce masa in bai iya ba ya zo rumfa in koya masa kyauta. Yaro ne ɗan bautar ƙasa, ashe ba ma fanninsa ba ne, cusa masa aka yi. Na fito ina jin kaina kamar na ci yaƙi. Ke kuma aka bar ki da sunan 'yar Farfesa Batir, zango guda ba ki sake ɗaga hannu a aji ba. Ni na yi ihun, ke kika biya.

Na san kin gaji bakin nan nawa, kina dai rufe shi da kunya ne, amma ina jin sa in ƙannenki sun taɓa miki littafi. Za ki haɗu da malamin da zai yi kuskure. Ki bari a tashi, ki same shi, ki ce, "Malam, ban gane nan ba, littafi kaza ya ce kaza." Ki ba shi ƙofar da zai fita da mutuncinsa. In ya ƙi, ki riƙe gaskiyarki a takarda, ba a maƙogwaro ba. Ni ban iya wannan ba har yau, kina gani a wasiƙar nan. Ke ki iya.

Yanzu bari in gaya miki dalilin da ya sa maganarki ta yi min ciwo haka. Tun ranar kwalbar nan akwai abin da ya tsaya min. Na ga kulorin ya fito a jar waya, har ya kusa kai ni lahira. To sodiyam fa? Katayon ne, ƙarfe ne, ya kamata ya je baƙar waya ya kwanta kamar yadda nikel ke yi. Amma ba abin da na gani sai kumfa. Shekara shida ina juya abin. Na duba littafina, shafin ya yage daidai wurin. Bara, kin kawo min abincin rana, ina gyara wa wani ɗan kabu-kabu caji, na yi maganar a fili ba da ke ba. Kika ajiye kular kika ce:

"Baba, ai yana zuwa. Zuwa yake yi, karɓa ce ba ya yi."

Na ce, "Kamar yaya?"

"Ruwan ya fi shi son ilektiron ɗin, sai ruwan ya riga shi karɓa. Kumfar da ka gani haidurojin ce daga ruwan. Shi sodiyam ya fi jin daɗin zamansa katayon. Ko ka tilasta masa ya koma ƙarfe, yana taɓa ruwa zai sake saki."

"To yaya ake ganinsa?"

"Sai an narka gishirin da wuta, ba ruwa ko ɗigo. Kuma Baba, don girman Allah, kada ka gwada a rumfar nan."

Ɗan kabu-kabun ya tuntsire da dariya ya ce, "Oga Sani, yau kai aka yi wa caji!" Ban ji haushi ba. Ni da ba a taɓa ni a kwana lafiya, na tsaya da sufana a hannu ina washe baki kamar wawa. Abin da ya gagare ni shekara shida kin warware shi kina tsaye, kina neman inda za ki ajiye cokali. Ranar duk wanda ya kawo mota sai ya ji labarin, ko yana so ko ba ya so. Ba hadda kika yi min ba, na san muryar hadda. Gani kike yi, kamar yadda nake ganin wuta na bin waya kafin in taɓa.

Wannan kan ne za ki ce ba na kimiyya ba ne? Ke da kika fi kowa a kimistiri a makarantarku, har malamin da na ci wa mutunci ya aiko a gaya min? Ni da rabin littafi da ƙamus na kai inda na kai. Ke an ba ki cikakken littafi, da malamai, da ɗakin gwaji mai famfo. Kakanki na Bida da guduma ya san tagulla, ni da waya na san ta bayan na ɓata, ke za ki san ta tun daga ƙwayarta. Ina kan da ya gaza a nan?

Ba zan yi miki dole ba. Ban yi karatun da zan tilasta wa kowa nasa ba. In kin shiga kin yi shekara, kin ga ranki ba ya so, ke da kanki, ba don dariyar tsakar gida ba, ki zo ki gaya min, ni zan raka ki ki sauya, kuma ba za ki ji kalma ɗaya mai ɗaci daga bakina ba. Aikin ofis ba abin kunya ba ne. Amma ki bar abin da kike so saboda kuskuren da wani yaro mai girman kai ya yi kina da kwana huɗu a duniya, wannan ban yarda ba. Kwanon nawa ne. Ni na ɓata, ni na biya da kunya, ba gadonki ba ne. Ranar Litinin ki je sashen kimistiri ki yi rajista. Fom ɗin kuwa bayansa fari ne, ya isa lissafi biyu.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci, na san ki in karatu ya kama ki. Ki kira mahaifiyarki kullum ko da minti ɗaya ne, tun da kika fara haɗa kaya take shiga ɗakinki tana fitowa ba abin da ta ɗauko. Allah Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa malamanki su so ki, Ya tsare ki daga wuta da guba da mugun aboki da mugun malami. Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo min da ke kin fi ni nesa ba kusa ba. Na yafe miki duk abin da kika yi min da wanda ba ki yi ba. Ke ma ki yafe min ajin nan da kwalbar nan.

Mahaifinki,
Sani

Saura magana ɗaya, ba taki ba ce. Na sa an yi wa wasiƙar nan hoto, kwafi ɗaya yana hannun kawunki tun safe.

Yaya Ndagi, na girmama ka shekara goma sha takwas, ka ba ni ƙanwarka, ban manta ba. Ka yi min dariya iya son ranka, na cancanta. Amma ka taɓa yarinyar da ba ta ɓata komai ba, ka sa ta raina kanta a gaban danginta. A gabansu ka faɗa, a gabansu nake son amsa. Ranar Juma'a bayan an sauko, a tsakar gidan Nna, kowa na zaune, zan kira Ummi in buɗe muryar waya ta ji da kunnenta. Ka kawo takarda ɗaya, jarrabawa ɗaya, malami ɗaya da ya ce yarinyar nan ba za ta iya ba. In kana da shi, ni da bakina zan ce mata ta cike fom ɗin. In ba ka da shi, ka buɗe baki ka gaya mata cewa ba ka da shi. Kada ka aiko min da saƙo, kada ka ja ni gefe. Ka zo ka amsa.